Katin tara mil na jiragen sama: har yanzu da riba, ko an gama cin kasuwar?

Bafatake_Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu baje batun katin tara mil na kamfanonin jiragen sama a faifai. Ni a ganina harkar nan ta mutu ga mai tikitin ikonomi. A da nisan tafiyarka ake dubawa, yanzu aljihunka ake leƙawa. British Airways tun daga 1 ga Afrilu 2025 suka koma fam ɗaya maki ɗaya: Bronze 3,500, Silver 7,500, Gold 20,000. Delta sun riga su, tun 2024 dala kawai suke ƙirgawa, 5,000 a ba ka Silver, 28,000 a ba ka Diamond. To mai tashi daga Kano ko Abuja sau uku ko huɗu a shekara, Guangzhou ne ko Dubai ko Umara ko Landan, me zai sa ya wahalar da kansa? Masana ku fito.

MaiTikiti_Fagge:
Wa alaikumussalam Alhaji. Kafin a yi nisa a raba abu biyu, don nan mutane ke ruɗewa. Akwai mil ɗin da ake tarawa a kashe, a sayi tikiti da shi ko a ɗaga kujera daga ikonomi zuwa bizines. Akwai kuma makin matsayi, wanda ba ya sayen komai, aikinsa kawai ya kai ka Silver ko Gold, kuma shekara na zagayowa a share a sake sabon lale. A British Airways na kashewar shi ne Avios. A Qatar ma Avios ne, na matsayin kuma Qpoints. A Air France da KLM na matsayin XP ne. Duk alƙaluman da ka kawo na matsayi ne, kuma a nan kam an ƙuntata, babu musu. Amma na kashewa har gobe yana taruwa, rajista kuma kyauta ce. Wanda ya hau jirgi bai sa lambarsa ba, kamfani ya bar wa rabonsa.

Malam_Lissafi:
Bari in sa wa maganar Alhaji lissafi. Ba duk abin da ka biya British Airways suke ƙirgawa ba. Ainihin kuɗin tikiti, da ƙarin da kamfanin ya ɗora da kansa wanda za ka ga an rubuta YQ ko YR a rasit, da kuɗin zaɓen kujera da na ƙarin jaka, su ke shiga. Harajin gwamnati da kuɗin filin jirgi ba sa ciki, kuma a hanyar Landan harajin Ingila ba ƙarami ba ne. A ɗauka tikitin Abuja zuwa Landan, zuwa da dawowa, bayan an cire haraji ya rage fam 600. Kafin ka haɗa 7,500 sai ka yi zuwa goma sha uku cikin shekara guda, shekarar kuma daga 1 ga Afrilu ce zuwa 31 ga Maris ga kowa da kowa.

A tsohon tsari Silver maki 600 ne. Duk zangon da ke tsakanin mil 2,000 da 6,000 a bizines maki 140 ne, ko nawa ka sayi tikitin. Kano zuwa Doha 140, Doha zuwa Guangzhou 140, dawowa ma haka, 560 ke nan a tafiya ɗaya a jirgin Qatar. Abin da ya rage sai ka hau jirgin British ɗin kansa sau huɗu. Wannan ƙofar ce suka rufe.

Ummu_Sudais:
Malam, lissafinka na sanarwar farko ne, ta ƙarshen Disambar 2024. Da mutane suka yi ca a kansu, a Fabrairun 2025 sun ɗan sassauta. Sun dawo da hanyar ƙirga hawa: hawa 25 a jirginsu Bronze, hawa 50 Silver. Sun kuma sa garaɓasar maki a kan kowane tashi, a dogon zango 150 a ikonomi, 400 a bizines. Da wannan misalinka zai koma 900 a kowace tafiya, zuwa tara ke nan. Ita garaɓasar a riƙa duba sharuɗɗanta a shafinsu kafin a dogara da ita.

Malam_Lissafi:
Hajiya, tara ko goma sha uku, ga mai zuwa sau uku duk sammakal. Hawa 50 kuwa an yi shi ne don ma'aikacin da ke safa tsakanin Landan da Edinbura duk mako.

Dan_Damagaram:
Ba duka kamfanoni suka koma kuɗi ba fa. Flying Blue na Air France da KLM, mil na kashewa ne kawai suke bayarwa gwargwadon yuro, 4 a kan kowane yuro ga sabon shiga, 6 ga Silver, 7 ga Gold, 8 ga Platinum. Amma XP na matsayi da nisan zango da ajin kujera ake lissafa shi, ba ruwansu da farashi. A ikonomi, zangon ƙasa da ƙasa da bai kai mil 2,000 ba XP 5, daga 2,000 zuwa 3,500 XP 8, zuwa 5,000 XP 10, sama da haka 12. A bizines ka ninka sau uku. Silver 100, daga nan a sake ƙirga maka 180 cikin wata 12 zuwa Gold, sannan 300 zuwa Platinum.

Misali Abuja zuwa Paris 8, Paris zuwa Manchesta 5, zuwa da dawowa 26. Tafiya huɗu ka haura 100. Lura, wanda ya yada zango ya fi wanda ya tafi kai tsaye samun maki, kuma sau da yawa tikitin nasa ya fi araha.

Sai dai mu na Nijar wannan ya zame mana labari, tunda Air France sun daina sauka Yamai tun Agustan 2023. Turkish da Royal Air Maroc da Ethiopian da ASKY ake bi, sai mutum ya sake shiri.

Bafatake_Kwari:
To Silver ɗin Flying Blue me take ba mutum? Falo?

Dan_Damagaram:
A'a Alhaji, falon jira sai Gold. Silver jaka ɗaya ce ƙari da layin gaba wajen awon kaya da shiga jirgi. Ga ɗan kasuwa ai jakar ta fi shayin falo daraja.

Injiniya_Gwarinpa:
Lufthansa ma tun 1 ga Janairu 2024 suka koma irin wannan. Zango a cikin nahiya ɗaya maki 20 a ikonomi, 40 a bizines. Tsallaka nahiya 60 a ikonomi, 200 a bizines. Matakin farko, Frequent Traveller, maki 650 ne daga Janairu zuwa Disamba, Senator kuma 2,000. Tarkon yana nan: rabin makin dole ya fito daga jiragen gidansu, irin su Lufthansa da Swiss da Austrian da Brussels. Ka hau Ethiopian shekara cur ka zuba a can, makin zai taru amma matsayi ba zai zo ba. Kuma Kano zuwa Addis Ababa a wajensu cikin nahiya ne, 20 kacal duk da nisansa. Abuja, Frankfurt, wani birnin Turai, zuwa da dawowa 160 ne. Tafiya huɗu 640, saura 10 ka kai. Duk wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi.

MaiTikiti_Fagge:
Duk wannan lissafin yana rushewa a kan harafi ɗaya da yawancin matafiya ba su taɓa dubawa ba. Kowane tikiti yana da harafin farashi. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a ikonomi, ɗaya harafinsa Y, ɗaya harafin rangwame na can ƙasa. A tsarin da ke lissafi da nisa, na farkon ya kwashi mil cikakke, na biyun a ba shi rabi ko rubu'i, wani lokacin ko ɗaya. Kuma harafin da ke ba da rabi a wannan kamfani yana iya zama sifiri in ka zuba a abokin ƙawancensa.

Yadda ake yi kafin a biya: ka ce wa ejan ya faɗa maka harafin kowane zango, ba na farko kawai ba. Ka buɗe shafin tsarin da kake tarawa, ka nemi teburin kamfanin da za ka hau, ka ga kashi nawa harafin ke bayarwa. In bambancin farashi tsakanin harafi mai sifiri da mai rabi kaɗan ne, ka hau sama. In da yawa ne, ka sayi mai arahar ka manta da mil.

Sai a kula da jirgin haɗin gwiwa, inda lambar tashi ta wani kamfani ce, jirgin kuma na wani. Manyan ƙawancen kamfanonin jirage uku ne: Star Alliance, oneworld da SkyTeam. A Star Alliance galibi mai jirgin ake bi wajen lissafi. A oneworld da SkyTeam galibi mai lambar tashin ake bi. Wanda ya buga tikitin kuma ana gane shi da lambobi uku na farko cikin goma sha ukun lambar tikiti: 125 British, 157 Qatar, 071 Ethiopian, 235 Turkish, 176 Emirates, 077 EgyptAir, 065 Saudia, 057 Air France.

Yar_Sakkwato:
Tambaya don Allah. Jirgin alhazai yana ba da mil?

MaiTikiti_Fagge:
A'a 'yar'uwa. Jigilar alhazai ta hukuma shata ce, jirgin shata kuwa kusan duk tsarin tara mil sun cire shi a sharuɗɗansu. Haka tikitin rukuni da kamfanonin Umara ke saye a dunƙule, yawanci harafinsa G, sau da yawa ba ya ba da komai ko ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma in tikitin Saudia ne na kai da kai daga Kano zuwa Jidda, yana shiga AlFursan, tsarin mil na Saudia, ko kuma Flying Blue tunda Saudia suna cikin SkyTeam tun 2012. Zangon ya ɗan haura mil 2,000, XP 8 ke nan in harafin ya cancanta.

Ummu_Sudais:
Abin da ya fi cinye wa mutanenmu mil ba harafi ba ne, suna ne. Fasfo Muhammad, katin mil Mohammed. Ko a tikiti an sa sunan uba a gurbin sunan yanka. Ko mutum ya yi rajista ya rubuta Alhaji ko Hajiya a cikin suna. Kwamfuta ba ta san wannan duk mutum ɗaya ne ba, sai mil ya ƙi shiga, babu kuma wanda zai kira ka ya faɗa maka. A buɗe asusun da sunan da ke layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo, harafi da harafi. In an riga an buɗe da wani rubutun, a tura musu hoton fasfo su gyara kafin tafiya. A wajen awon kaya a duba katin shiga jirgi, lambar asusun tana fitowa a jikinsa. In ba ta fito ba a sa su shigar nan take.

In an dawo mil bai shiga ba bayan mako biyu, ana cike neman bashi a shafinsu. Lambar tikiti mai lamba 13, ranar tafiya, lambar tashi, wani lokacin hoton katin shiga jirgi. Yawancinsu wata shida suke ba da dama, wasu har shekara. Saboda haka kar a jefar da katin nan a kwandon filin jirgi.

Zongo_Nima:
A ƙara da wannan: in ejan ne ya buɗe maka asusu, ka karɓe shi. Ka canza imel da lambar waya da kalmar sirri zuwa naka. Asusun da ke kan imel ɗin wani, mil ɗin cikinsa na wancan ne, duk ranar da ya ga dama zai fitar wa wani tikiti da shi.

Malam_Lissafi:
Ku dawo kan tambayar Alhaji, wato me ya sa suke yin haka. Ba mu ne kasuwar ba. A Amurka bankuna ne manyan masu sayen mil, su saya a wajen kamfanin jirgi su raba wa masu katin bashi. Delta kaɗai sun karɓi sama da dala biliyan 7 daga American Express a 2024. Lokacin korona da jirage suka kwanta, tsarin tara mil ɗin suka jinginar suka ci bashi: United dala biliyan 6.8, Delta biliyan 9, American biliyan 10. Abin da banki zai karɓa jingina a kan irin wannan kuɗi ai ba kyautar alheri ba ce, shago ne mai zaman kansa. Da masu kati suka cika falo har ana layi a ƙofa, sai aka ɗaga katangar. Ba'amurke ko Bature yana cike giɓin da sayayyar katinsa ta yau da kullum. Mu da muke biya da naira ko sefa, hawa jirgi kawai muke da shi, shi ya sa canjin ya fi yi mana ciwo.

Bafatake_Kwari:
Ka ga ka dawo kan maganata ke nan Malam.

Injiniya_Gwarinpa:
Rabinta dai. Matsayi ya yi wa mai tafiya uku nisa a yawancin wurare, amma ba ko'ina ba. Turkish, Elite mil 40,000 ne na matsayi cikin wata 12, shi ne Gold na Star Alliance, kuma katin shekara biyu yake yi. Gold na Star yana aiki a Ethiopian da EgyptAir da suke sauka Kano: falo kai da baƙo ɗaya, ƙarin jaka ɗaya ko kilo 20. Qatar kuma Silver Qpoints 150, Gold 300, Platinum 600 cikin wata 12, kuma Silver ɗinsu tana ba da ƙarin kilo 15 ko jaka ɗaya a jirginsu. Mai zuwa Sin sau huɗu ko biyar da harafi mai kyau ya zauna ya yi lissafin waɗannan biyun. Ya ɗauki kuɗin da yake biya na ƙarin jaka a shekara, shi ne ainihin darajar katin a wajensa.

A dai kula, tikitin Light, wato mafi arahar ikonomi na gidan Lufthansa, ba a ba Gold na wasu kamfanoni ƙarin jaka a kansa. Kuma komai matsayinka jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32, sai ka raba ta.

Hajiya_MaiAtamfa:
Ni abin da ke ba ni haushi mutuwar mil. A yi mana bayanin wanne ke mutuwa yaushe.

Ummu_Sudais:
Iri biyu ne Hajiya. Akwai mai farfaɗowa, akwai mai wa'adi. Avios, na British ko na Qatar, sai asusu ya yi wata 36 babu shiga babu fita sannan ya mutu, motsi ɗaya komai ƙanƙantarsa yana sabunta duka. Kuma tun 2022 da Qatar suka koma Avios ana haɗa asusun biyu a riƙa tura wa juna ɗaya bisa ɗaya kyauta. Na Delta da United ba sa mutuwa sam.

Masu wa'adi su ne abin tsoro. Na Lufthansa wata 36 daga ranar da aka samu, ko kana ta hawa, sai in kana da matsayi ko katin bankinsu. Na Turkish shekara uku, a ƙarshen Disamba yake faɗuwa, ana iya tsawaitawa amma da kuɗi. Na Emirates shekara uku ne, yana ƙarewa a ƙarshen watan haihuwarki na shekara ta ukun. Kin samu a Yunin 2023, an haife ki a Agusta, to 31 ga Agustan 2026 ya tafi. Ki tuna Emirates sun janye daga Najeriya a ƙarshen Oktoban 2022 saboda kuɗaɗensu da suka maƙale, ba su dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Kusan shekara biyu ke nan cikin ukun, agogo kuwa bai tsaya ba.

Zongo_Nima:
Ko bai mutu ba yana ramewa. Mil naira ce a ƙarƙashin katifa, adadin yana nan, abin da zai saya ne ke raguwa. Turkish a Fabrairun 2024 sun ɗaga bizines tsakanin Istanbul da Amurka daga 45,000 zuwa 65,000. Virgin Atlantic a Oktoban 2024 suka koma farashi mai hawa da sauka gwargwadon cikar jirgi. Delta tun 2015 suka cire teburin farashin gaba ɗaya. Emirates a Mayun 2025 suka ce tikitin mil na aji na ɗaya sai mai Silver zuwa sama. Babu wanda ya nemi shawarar mai asusu, sharuɗɗan da ka danna ka amince sun ba su dama. In ya kai na tikiti ɗaya ka kashe.

Malam_Lissafi:
Amma ba kowace kashewa ce riba ba. Tikitin mil ba kyauta ba ne, haraji yana nan, YQ ɗin nan ma wasu kamfanoni suna ɗora shi, British da Emirates da Lufthansa sun yi suna a nan. Ka ɗauki farashin tikitin kuɗi na ranar, ka cire abin da za ka biya a kan tikitin mil, ka raba saura da yawan mil ɗin. A ce tikiti dala 900, na mil kuma 50,000 da dala 450. Mil 50,000 ya tsare maka dala 450 kawai, bai kai santi ɗaya kowanne ba. Ka ajiye shi sai Disamba ko goman ƙarshe na azumi da farashi ke tashin gwauron zabi, in har ka sami kujera, don kujerun mil ƙididdigaggu ne, masu riga-kafi tun wata goma suke kamawa.

United ba sa ɗora YQ a tikitin mil ko a jirgin abokan ƙawancensu ne, mil ɗinsu kuma ba ya mutuwa. Mai hawa Ethiopian yau, EgyptAir gobe, Turkish jibi, wanda ba matsayi yake nema ba, yana iya zuba duka a can. Matsayinsu dai ya manta da shi, sai an hau jirginsu aƙalla sau huɗu.

Dan_Damagaram:
ASKY fa ba sa cikin Star Alliance duk da Ethiopian na da hannun jari a ciki. Kada wani ya hau daga Yamai zuwa Lome ya ce zai zuba a United ko Turkish. Haka Air Peace ba sa cikin kowane ƙawance, mil ɗin Peace Advantage a gidansu yake ƙarewa. Royal Air Maroc kuma oneworld ne tun Afrilun 2020, nasu yana shiga asusun Qatar ko British.

Dan_Sabon_Gari:
Akwai masu sayar da tikitin bizines rabin kuɗi a WhatsApp, suna cewa da mil suke fitarwa. Halal ne?

MaiTikiti_Fagge:
Halal da haram a tambayi malamai. A wajen kamfani dai sayar da mil karya sharaɗi ne, hukuncinsa rufe asusu da soke tikiti. Mafi muni, wani mil ɗin daga asusun da aka yi wa kutse aka sato shi. Mai asusu ya kai ƙara, a soke tikitin kana Guangzhou, dawowa sai ka sayi sabo a farashin ranar. Hanyar da aka yarda da ita ita ce asusun iyali: British mutum bakwai, Emirates mutum takwas, Flying Blue manya biyu da yara shida. Mil na kashewa ne ke haɗuwa, makin matsayi kowa da nasa.

Hajiya_MaiAtamfa:
Tunda ana maganar canjin dokoki, masu bin Emirates su sani tun 1 ga Oktoban 2025 an hana amfani da fawa banki a cikin jirgi. Guda ɗaya aka yarda ka riƙe, ƙasa da 100Wh, kuma dole a ga rubutun ƙarfinsa a jikinsa. Ba a caji da shi, ba a caja shi, ba a sa shi a ma'ajiyar sama, sai aljihun kujera ko jakar da ke ƙarƙashin kujerar gabanka. Mai 20,000mAh wajen 74Wh ne, an yarda da shi. Mai 30,000mAh ya haura 100. A jakar awo kuwa babu kamfanin da ya yarda da shi.

Yar_Sakkwato:
In jirgi ya yi latti ko jaka ta ɓace, mai tikitin mil yana da haƙƙi kuwa?

Injiniya_Gwarinpa:
Yana da shi daidai da mai tikitin kuɗi. Dokar Tarayyar Turai, in an isa da lattin da ya kai awa huɗu a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, yuro 600 ne, tsakanin awa uku da huɗu ana iya biyan rabi. Ta Ingila fam 520. Tana aiki a duk jirgin da ya taso daga can, amma in daga nan za a je can sai kamfanin ya zama nasu. Wato Abuja zuwa Frankfurt a Lufthansa tana aiki, a Ethiopian ba ta aiki. In yanayi ne ko wani abin da ya fi ƙarfin kamfani, babu diyya.

Jaka kuma yarjejeniyar Montreal ce, iyakar diyya 1,519 a ma'aunin kuɗi na ƙasa da ƙasa da ake kira SDR tun ƙarshen Disambar 2024, wajen dala dubu biyu ke nan, kuma kan fasinja ne, ba kan kowace jaka ba. Kada ki fita daga wajen ɗaukar kaya sai kin cike takardar rahoto an ba ki lamba. Jakar da ta fashe kwana 7 gare ki ki rubuta musu, wadda ta makara kwana 21 daga ranar da aka kawo. Mai ɗauko wayoyi ko gwal na sayarwa a jakar awo ya san iyakar nan ba za ta rufe asararsa ba.

Bafatake_Kwari:
Na gode jama'a, amma har yanzu ban ga wanda ya karya maganata ba. Duk abin da kuka lissafa aiki ne: duba harafi, duba suna, duba wa'adi. Ɗan kasuwa ya sayi mafi araha ya wuce, bambancin dala 150 a tikiti ya fi duk mil ɗin da za a ba shi.

MaiTikiti_Fagge:
A kan sayen mafi araha ba mu da saɓani Alhaji. Kada ka ƙara ko dala ɗaya don mil in ba kana dab da matsayin da zai ba ka jaka ba. Abin da nake cewa, asusu uku sun ishe ka, ɗaya a kowane ƙawance: na Star, na oneworld, na SkyTeam. Duk jirgin da araha ta kai ka, ka miƙa lambar da ta dace. Minti biyu ne.

Malam_Lissafi:
Uku sun yi yawa ga mai tafiya uku. Mil 8,000 nan, 6,000 can, 9,000 can, babu wanda zai sayi ko zango ɗaya kafin ya mutu. Gara ya duba ƙawancen da ya fi sauka garinsa. Daga Kano Star na da kamfani biyu, oneworld Qatar kaɗai, SkyTeam Saudia.

Ummu_Sudais:
Shi ya sa za a zaɓi waɗanda ba sa mutuwa ko masu farfaɗowa, Malam. United a Star, Qatar a oneworld. Su yi ta kwanciya har su kai.

Dan_Sabon_Gari:
To wanda yake da mil 22,000 a Turkish da zai faɗi Disamban nan, kuma ba shi da tafiya, ya zai yi?

Injiniya_Gwarinpa:
Ya fara shiga asusun ya ga nawa ne ainihin zai faɗi, don na kowace shekara daban ake lissafawa, ƙila rabi ne. Sannan tikitin mil ba dole a yi tafiyar kafin wa'adi ba, fitar da shi ne dole. Ya fitar a Nuwamba don tafiyar baɗi, kansa ko wani nasa, ya nemi gajeren zango a Ethiopian ko EgyptAir ta sashen tikitin Star Alliance. Kada ya bari sai makon ƙarshe, wani lokacin shafin yana nuna kujera ya ƙi fitarwa, sai an je ofishinsu na Abuja ko Legas da fasfo. Ya kuma tambayi dokar sokewa tun kafin ya biya haraji, don mil ɗin da wa'adinsa ya wuce ba lallai ya dawo ba in aka soke tikitin daga baya.